Kifin Da A Ke Kamawa A Saki

In ka je bakin Kwara ko Binuwai da sassafe ka tarad da masunci yana jawo komarsa, ka ce masa akwai ƙasar da mutum zai sayi jirgi mai inji, ya wuni cikin rana yana fatsa, in ya kama kifi ya auna shi ya mai da shi ruwa, ya koma gida hannu wofi yana murna, to, cewa zai yi ko dai mutumin nan ya zautu, ko kuwa kai ne ka ke masa ba'a. Amma fa maganar gaskiya ce. A Amurka wannan wasa ne na miliyoyin mutane, kifin da suka fi nema kuwa shi ne wanda su ke kira bas. Kada mai karatu ya zaci motar fasinja a ke nufi, sunan ne kurum ya zo ɗaya a bakinmu. Na ga ya kamata mu da za mu fita mu koyad da labarin ƙasa da ilmin halitta mu san labarin kifin nan, gama a cikinsa akwai wata tambaya mai wuya: in mutum ya kama kifi don nishaɗi, sakinsa ne daidai, ko kashe shi?

Bari mu fara da kifin kansa. Gidansa na asali shi ne koguna da tafkunan gabas da tsakiyar Amurka ta Arewa, tun daga Manyan Tafkunan da ke kan iyakar Kanada, a bi kwarin kogin Misisipi har kudu. Iri-iri ne, amma biyu suka fi suna. Akwai mai babban baki, wanda in ya rufe bakinsa za ka ga muƙamuƙinsa na sama ya wuce bayan ido. Shi ya fi son kwantaccen ruwa mai ɗumi, mai ciyawa da kututture, launinsa kore-kore ne, da baƙin zane a gefe daga kai har wutsiya. Akwai kuma mai ƙaramin baki, mai son ruwan sanyi garau inda duwatsu su ke. Na farkon shi ne za mu fi magana a kansa. Ba shi da wani girma na a zo a gani. Wanda ya kama mai laba 10 zai yi ta ba da labari har tsufansa, alhali giwan ruwanmu ya kan fi mutum nauyi.

Abin da ya jawo masa farin jini halinsa ne. Ɗan kwanton ɓauna ne. Ya kan laɓe a inuwar ciyawa ko gindin itacen da ruwa ya ci, in wani abu ya gifta sai ya wangale baki farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki tare da abin. Yana cin ƙananan kifaye, da kwaɗi, da jatan lande, har ɗan maciji ko ɗan agwagwa ba su tsira ba. A gefen jikinsa akwai wani layi da ya ke jin motsin ruwa da shi, saboda haka ko a gurɓataccen ruwa ya kan san inda abinci ya ke. In kuwa ƙugiya ta kama shi, sai ya yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai don ya tofar da ita, sau da yawa kuma ya kan yi nasara. Wannan kokawa ita ce abin da mai fatsa ya fito nema.

Da ya ke duk abin da ya motsa kai masa cafka ya ke yi, ba lalle sai an sa masa tana ta gaske ba. An ce wani mutum a jihar Mishigan, James Heddon, yana zaune bakin tafki ya feƙe ɗan icce ya jefa, sai bas ya kai masa sura. Daga nan ya shiga sassaƙa ƙoton ƙarya mai kamar kwaɗo, zuwa 1902 har ya zama sana'a. A 1949 wani kuma, Nick Creme, ya zuba tana ta roba mai laushi a jihar Ohayo. Yanzu mai fatsa ya kan riƙe sanda mai lanƙwasa, da ƙwarƙwaron naɗe zare a gindinta, ya wurga ƙoton kusa da maɓoyar kifin, ya riƙa jawo shi a hankali yana ɗan fizga, don ya yi kama da abin da ya ji rauni. Gwaninta duka tana wajen sanin inda kifin ya ke: da sanyin safiya da maraice yana gefe, da rana ta take sai ya nutsa ko ya nemi inuwa. Jiragen yanzu har da na'urar da ke nuna kifi a ƙarƙashin ruwa kamar majigi, su kansu masu fatsar suna gardama a kan ko wannan bai rage wa wasan daɗi ba. Ni dai ina bayan masu cewa ya rage.

Da can ba a san sakin kifi ba. Ran 2 ga Yuni, 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, wani saurayi manomi, George Perry, ya ga ruwan sama ya hana huɗa, sai ya tafi wani ɗan tafki a jihar Jojiya, sunansa Montgomery, don ya samo abin miya. Ya kama bas mai laba 22 da oza 4, watau kilo 10 da 'yan kai. Aka auna shi a gidan waya, sa'an nan ya kai gida aka soye, iyali suka cinye. Shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya kama kamarsa. Ku riƙe nauyin nan, za mu komo kansa.

Abin da ya mai da fatsar bas babban al'amari shi ne madatsun ruwa. A 1933 gwamnatin Amurka ta kafa hukumar kwarin kogin Tenesi, ta yi ta datse koguna don samun lantarki da hana ambaliya, wasu hukumomi kuma suka yi haka a wasu wurare. Kowace madatsa ta haifi tafki, ruwa ya rufe gonaki da kurmi, kututturen da ya nutse kuwa ya zama gidan bas. Mutanen da da sai sun yi tafiya mai nisa kafin su ga ruwa, sai ga tafki a bayan gari. A 1967 wani mai sayad da inshora daga jihar Alabama, Ray Scott, ya shirya gasa a tafkin Beaver na jihar Arkansas. Mutum 106 suka shiga, kowa ya biya dala 100. Da shekara ta kewayo ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas. A babbar gasarsu ta farko, a tafkin Mead a 1971, na ɗaya ya sami dala 10,000. A 2023 ladan nan ya kai dala 300,000.

To, a gasannin farko duk kifin da aka kama mutuwa ya ke yi. A kan jibge shi a bakin ma'auni, mutanen gari suna kallo suna cewa baƙi sun zo sun kwashe musu tafki. Scott ya ga in aka ci gaba haka za a rufe musu ƙofa ko'ina, sai a 1972 ya fito da ƙa'idar saki. Aka sa wa jirage akwatin ruwa mai famfo inda kifi zai zauna da rai, aka riƙa rage wa mutum maki in ya kawo matacce, daga baya kuma aka tsai da kifi biyar a yini, a auna su a mai da su. Ba duka su ke rayuwa ba, musamman lokacin zafi, shi ya sa a wasu gasanni alƙali ya kan zauna cikin jirgin, ya auna kifi nan take a sake shi. Al'adar ta bazu har ga waɗanda ba gasa su ke ba. Akwai kuma doka tun 1950 wadda ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa, a raba wa jihohi kuɗin don kula da kifi da tafkuna. Watau mai wasan shi ke biyan kuɗin kiwon abin wasansa.

Dalilin da ya sa saki ya yi amfani yana cikin yadda kifin ya ke haihuwa, nan ne kuwa ya kamata malamin ilmin halitta ya dakata. In sanyi ya wuce, ruwa ya ɗumama zuwa kamar digiri 16 ko 18 na ma'aunin Santigiret, namiji ya kan zo wuri marar zurfi ya share ƙasa da wutsiyarsa, ya yi ɗan gurbi kamar faranti. Mace ta zuba ƙwai ta tafi abinta. Namijin ne zai tsaya yana yi wa ƙwan fifita, yana korar duk abin da ya matso, har su ƙyanƙyashe, ya kuma yi gadin 'ya'yan na 'yan kwanaki. A lokacin nan kama shi ba wuya, don kome ka jefa zai kai wa hari. Da an ɗauke shi kuwa, sai wani ɗan kifi mai faɗi kamar tafin hannu, wanda su ke kira bulugil, ya yi wa gurbin caa. Wanda ya tafi da uba ɗaya ya tafi da dubban 'ya'ya ke nan. Saboda haka wasu jihohi na arewa su kan hana kama shi, ko su hana tafiya da shi, har lokacin ya wuce.

Amma kada a ɗauka saki kullum alheri ne. Tun daga wajen 1934 wani malami a kwalejin Auburn ta Alabama, Homer Swingle, ya yi ta gwaji da ƙananan kududdufai. Ya gano cewa in aka kwashe bas da yawa, bulugil zai cika ruwan ya tsumbure, ya kuma cinye ƙwan bas. In kuma ba a rage bas ko kaɗan ba, su ne za su yi yawa, abinci ya gaza, ka ga kifi da ƙaton kai da ramammen jiki. Manomi ya san wannan, shi ya sa ya ke tsuge gero. Yau a wasu tafkunan Amurka ma'aikatan kifi roƙon mutane su ke yi su tafi da ƙananan su ci, amma al'adar saki ta kama jiki har wasu suna jin kunyar a gan su da kifi a hannu.

Inda abin ya fi muni shi ne inda kifin ya je baƙunci. Masu son wasan sun kai shi ƙasashe da yawa: Afirka ta Kudu a 1928, tafkin Naibasha na Kenya a 1929. A tafkin Atitilan na ƙasar Gwatamala an zuba shi wajen 1958 don a jawo 'yan yawon buɗe ido. A tafkin akwai wani tsuntsun ruwa da ba ya iya tashi, ba shi kuma ko'ina a duniya sai nan. Bas ya cinye abincinsa ya haɗa da 'yan tsakinsa, saran kyauro da girgizar ƙasa ta 1976 suka ƙarasa aikin, zuwa 1989 tsuntsun ya ƙare ƙaf.

A Japan an fara zuba bas a 1925, a 1974 aka gan shi a tafkin Biwa, wanda shi ne mafi girma a ƙasar, tsohon tafki ƙwarai mai kifayen da babu irinsu a wani wuri. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda mutanen yankin su ke jiƙawa da gishiri da shinkafa wata da watanni, abincin gadonsu. Bulugil shi ma ya shiga tafkin. Shi kuwa Yarima Akihito ne ya kawo shi daga Shikago a 1960, kyauta aka ba shi, a 2007 yana sarki ya fito fili ya nuna baƙin cikinsa a kan haka. Kamun masunta ya faɗi ƙwarai, ko da ya ke ba baƙin kifaye kaɗai suka jawo ba, har da gyaran gaɓa da ya kashe kyauron da kifi ke ƙwai a ciki. A 2003 hukumar lardin Shiga ta hana mai da bas ko bulugil cikin ruwa in an kama, ta ajiye akwatuna a bakin tafki don a riƙa zubawa. A 2005 dokar ƙasa ta hana kiwonsu da ɗaukarsu da rai daga wani ruwa zuwa wani. Ashe abin da a ke yaba wa mutum a kansa a Alabama, shi ne laifi a Shiga. Masu fatsa na Japan ba su ji daɗi ba, gama su ma sun koyi cewa saki shi ne mutunci, amma a ganina masuntan ne ke da gaskiya, don su abincinsu ne a ke magana.

A tafkin nan na Biwa ne, ran 2 ga Yuli, 2009, wani mutum, Manabu Kurita, ya sa bulugil mai rai a ƙugiya ya kama bas mai laba 22 da kusan oza 5. Ya ɗara na Perry, bayan shekara 77. Sai dai ƙungiyar da ke riƙe da littafin bajintar kamun kifi ta duniya tana da ƙa'ida, cewa kifin da bai kai laba 25 ba sai ya fi na baya da oza 2 kafin a ce ya kere shi. Saboda haka a Janairun 2010 aka rubuta su kunnen doki. Shi ma wannan kifi ba a mai da shi ruwa ba.

Wanda zai koyad da wannan darasi a firamare ba sai ya ga bas da idonsa ba. Ya tafi da yara inda a ke gyaran kifi ran kasuwa, ya roƙi mai gyaran ya farke cikin giwan ruwa ɗaya da na karfasa ɗaya, su duba abin da kowanne ya ci. Sa'an nan su auna faɗin bakin kowanne da rula, su rubuta. In a garin akwai madatsa ko kududdufin da a ke shirin zuba wa kifi, yara su je su tambayi sarkin ruwa waɗanne kifaye ke ciki tun asali, da kuma watan da kowanne ya ke ƙwai, su kawo amsa aji ran Litinin.