Ba Kowace Cuta Kafso Ke Kashewa Ba: Ciwon Yis a Kaji da Dabbobinmu

A aikina na duba lafiyar dabbobi tsakanin Kankiya da Kusada, da wuya a kira ni kan kaza ko saniya mara lafiya in tarar ba a riga an ba ta magani ba. Kafin mai kiwo ya nemi likita, ya ɓare kafso a ruwan sha, ko ya sa an danna wa dabbar allurar nan mai ruwan zuma da kowa ke kira LA. In ba ta tashi ba a ƙara, in ta ƙi a sauya wani. To, akwai cutar da wannan ɗabi'a ke haifarwa da kanta, kuma duk ƙarin maganin da aka yi, ƙarfi yake ƙara mata. Ita ce cutar yis.

Yis ɗin da masu biredi ke kwaɓa fulawa da shi yana da 'yan uwa da yawa, dukkansu dangin fumfuna ne. Wanda ya fi damunmu a kiwo sunansa Candida albicans. Yana zaune a baki da hanjin lafiyayyar kaza da maraƙi, har da mutum, ba ya cutar da kowa, saboda ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun tare masa wuri da abinci. Kafso da allura bakteriya suke kashewa, mai cutarwa da mai amfani gaba ɗaya. Yis kuwa ko gezau, don ginin jikinsa daban ne. Idan aka ɗauki lokaci mai tsawo ana ɗirka magani, sai fili ya zama nasa, ya yaɗu, ya fara cin fatar da yake zaune a kai. Iyaye mata sun san aikinsa, shi ne farin nan da ke lulluɓe harshen jariri.

A kaji na fi ganinsa, musamman buroila da ake zubawa a bayan gida don kasuwar Sallah. Tun ranar da 'yan tsaki suka iso ake fara sa musu magani a ruwa da sunan rigakafi, ana haɗawa da sukari ko gulukos, a ci gaba da haka mako bayan mako. Ga zafin bazara, ga mazubin ruwan da ba a wankewa sai dai a ƙara sabo a kan tsoho, har cikinsa ya yi santsi. Da damina kuma jiƙaƙƙiyar dusa ce ke kwana a kasko. Duk abin da yis yake so an tara masa.

Alamominsa ba su da hayaniya, shi ya sa ake wuce su. Tsaki ba ya girma kamar sa'o'insa, gashinsa a hargitse, yana takure gefe, cin abincinsa ya ragu. Ba mutuwar farat ɗaya ba ce irin ta Nukasil ko Gumboro, asara ce a hankali: abinci yana ƙarewa, nama ba ya hawa. Ga gwajin da kowa zai iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba. Da sassafe, kafin a zuba abinci, ku shafa jakar da ke gindin wuyan kazar, inda tsaba ke fara taruwa. A lafiyayyar kaza za ku ji ta a lafe, ta sauke abin da ta ci jiya. In kun ji ta a kumbure, taushi-taushi da ruwa a ciki, bakin kuma yana warin tsami, to ku yi zargin yis. Idan na buɗe wadda ta mutu, sai in ga cikin jakar ya yi kauri, fari, gargasa-gargasa kamar tawul. 'Ya'yan zabbi da na talo-talo ma suna kamuwa.

Matakin farko shi ne wanda masu kaji suka fi ƙi: a tsayar da kafso. Na san yana da nauyi a ce wa mutum ya daina ba da magani alhali yana kallon jarinsa yana lanƙwashewa, amma babu wata hanya. A riƙa wanke mazubin ruwa kullum da sabulu, a zubar da duk abincin da ya jiƙe ko ya yi fumfuna. Akwai maganin yis na musamman, nistatin, wanda likita zai auna gwargwadon yawan kajin. Akwai kuma gishirin tagulla mai launin shuɗi, kofa salfet, da ake sa kimanin rabin giram a lita 1 ta ruwa, a mazubin roba, domin yana cin ƙarfe. A nan zan ja kunne da kyau. A gidajenmu kaza da rago kasko ɗaya suke sha, tumaki kuwa ba su jure tagulla, tana taruwa a hantarsu ta kashe su. Kada a garin ceton 'yan tsaki a rasa ragon layya. Kuma a daina kife kaza ana matse jakar wuyanta don ruwan ya fito; yana iya komawa huhu ya shaƙe ta a hannunku.

A rugage kuwa, hantsa ce. Saniya ta yi ciwon hantsa, sai a zuƙi maganin allura a sirinji, a cire tsinken, a tura shi ta kan nono. Sirinjin nan ya zaga shanu da yawa, hannun ba a wanke ba, kan nonon ba a goge ba. Yis ɗin da ke fata da ƙasan garke ya samu wanda ya raka shi har ciki, kuma maganin ya share masa abokan gasa. Abin da makiyayi kan gaya mini kusan iri ɗaya ne: "Likita, ta yi sauƙi, sai kuma ciwon ya dawo ya fi na da." Sashen hantsar ya kumbura ya yi tauri, jikinta ya yi zafi, nono ya ragu yana fitowa da gudaji. Irin wannan sau da yawa yana warkewa da kansa cikin 'yan makonni idan aka janye magani, aka riƙa tatse sashen tas sau da yawa a yini. A tatse ta ƙarshe bayan sauran shanu, a wanke hannu. Nonon kuma a zubar, kada ya shiga ƙwaryar kindirmo, domin ban da ciwon, akwai ragowar magani a cikinsa, kuma yaranmu ne za su sha shi da fura. Maraƙin da aka daɗe ana yi wa maganin zawo shi ma a duba bakinsa; in ya yi fari yana ƙin tsotso, labarin ɗaya ne.

Masu dawaki da jakuna su lura da ƙuraje masu fitowa a jere, bin juna, a ƙafa ko ƙirji ko wuya, suna fashewa da mugunya, an yi ta allura ba su ji. Wata fumfuna ce mai rikiɗa ta zama yis a jikin doki, ƙudaje da kayan ɗauri ke yaɗa ta. A ware dokin, kada a yi aron sirdi da linzaminsa lokacin hawan Sallah. Karen da ke yawan kaɗa kai, kunnensa na wari da baƙin maiƙo, galibi shi ma yis ne.

Akwai wanda ya shafi mutum kai tsaye. Wani yis mai suna Cryptococcus neoformans yana hayayyafa a busasshen kashin tattabaru, su tattabarun kuwa lafiyarsu ƙalau. Mutum yana shaƙarsa da ƙura. Mai ƙarfin garkuwar jiki yawanci ba ya jin komai, amma ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau ko wanda wata doguwar jinya ta raunana, yana iya kaiwa ga sanƙarau. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin dangin fumfuna mafiya haɗari ga ɗan Adam, wannan yis ɗin da Candida albicans suna sahun farko. Ban ce a daina kiwon tattabaru ba. Amma idan za a share ɗakinsu a kwashi taki, musamman da hunturu, a fara yayyafa ruwa, a rufe hanci da baki, kuma kada a ba mara lafiya wannan aiki.

Duk da alamomin da na zayyana, ido kaɗai ba ya yanke hukunci, nawa ma haka. Ciwon hantsa na yis da na bakteriya suna kama da juna ƙwarai, kuma akwai lokacin da allurar ce daidai. Abin da ke rabewa shi ne a ɗiga nonon ko a kankaro farin jakar wuya a duba a madubin likita, inda ake ganin ƙwayoyin yis suna tohowa daga jikin juna. Abin da ya fi ƙarfinmu a nan ana iya tura shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924.

Don haka, ko daga Rimaye kuke, ko Kafin Soli, ko Yashe, ko Mawashi, in za ku zo wurin ma'aikacin lafiyar dabbobi, ku taho da fankon duk maganin da kuka bayar, ku faɗi kwana nawa aka yi ana ba da shi, ba tare da jin kunya ba. Wannan bayani rabin bincike ne. Idan kaza ce, a kawo wadda ta mutu a ranar, ko mai rai da ciwon ya fi kamawa. Idan saniya ce, a wanke kan nono, a zubar da tatsar farko, a tatsi kaɗan a kwalbar da aka tafasa, a rufe, a kawo da wuri kafin rana ta taɓa shi.