Magungunan Ciwon Damuwa a Matsayin Maganin Raɗaɗi: Waiwaye a Kan Gwajin Ɓeraye

1.0 Gabatarwa

Likitoci sun daɗe da lura cewa amitiriftilin, wanda aka samar domin ciwon damuwa, yana rage raɗaɗin da lalacewar jijiya ke haifarwa. A shekarar 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da duloksetin domin irin wannan raɗaɗi ga masu ciwon suga. Wannan maƙala ta duba yadda ake gwada irin waɗannan magunguna a jikin dabbobi, da iyakar abin da gwajin zai iya tabbatarwa.

2.0 Hanyoyin Gwaji

Majiyyaci yakan faɗa da bakinsa ko zogi yake ji ko raɗaɗi. Ɓera kuwa ba ya magana, don haka motsinsa ake aunawa. Akan ɗora shi a kan faranti mai zafin kusan digiri 55, a ƙidaya daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya lashi ƙafarsa. A 1988 Bennett da Xie suka fito da wata dabara ta ɗaure babbar jijiyar cinyar ɓera sako-sako, har taɓawa kaɗan ta zame masa ciwo. Wannan ta fi kusa da halin da majiyyata ke ciki.

3.0 Abin da Aka Gano

Gwaje-gwajen sun nuna cewa magungunan suna hana jijiyoyi sake zuƙe sinadaran noradirenalin da serotonin. Yawaitarsu a cikin laka tana ƙarfafa saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikowa domin danne ciwo. Magungunan da ke ƙara serotonin kaɗai, irin su fuloksetin, tasirinsu ya fi rauni, abin da ke nuna muhimmancin noradirenalin.

Sai dai amitiriftilin yana sa kasala. Ɓeran da ya jinkirta janye ƙafarsa, wataƙila jikinsa ne ya mutu, ciwon kuma yana nan. Saboda haka akan ɗora shi a kan sanda mai juyawa, a tabbatar ƙarfinsa bai ragu ba. Haka kuma yawancin gwaje-gwajen baya a kan ɓeraye maza aka yi su, alhali mata na da yawa cikin masu fama da ciwo mai daɗewa.

4.0 Kammalawa

Gwajin dabbobi ya bayyana hanyar da magungunan ke bi a jiki. Hukunci a kan samun sauƙi kuwa, sai an gwada su a kan majiyyata an ji ta bakinsu.