Darasi na 14: Ɗan Jagora da Mai Tafiya

Idan kun taɓa zuwa wani gari na ƙasar Hausa, wataƙila kun ga makaho yana tafe, yaro na gabansa riƙe da bakin sandarsa. Sunan wannan yaro ɗan jagora. To, ku lura da kyau: yaron ne a gaba, amma tafiyar ba tasa ba ce. Makahon ne ya san inda za a je, da wanda za a gani, da lokacin da za a dawo. Idan ya ce kasuwa, ɗan jagora ba shi da ikon ya bi da shi tasha. Aron ido kawai ya ba shi.

Tun da can, masu naƙasa a ƙasar Hausa suna da shugabanninsu. Akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, waɗanda ke sasanta mutanensu, su kuma yi magana da yawunsu a fada. Ke nan ba baƙon abu ba ne mai naƙasa ya riƙe ragamar al'amuransa. A yau za ku fi jin ana cewa "masu buƙata ta musamman" a rediyo da jaridu, domin mutane da yawa na ganin ya fi ladabi. Sai dai tsohon tsari yana da aibi babba. Sau da yawa ɗan jagora yaro ne da ya kamata a ce yana aji, kuma ba shi da albashi. Abin da za mu duba a wannan darasi shi ne sabon tsari, inda mai naƙasa ke ɗaukar baligi aiki, ya koya masa, ya biya shi, ya kuma sallame shi idan aikin bai yi ba. Irin wannan ma'aikaci shi ake kira mataimaki, ta mace kuma mataimakiya.

Bari mu je Gwarinpa, a Babban Birnin Tarayya, Abuja. Unguwa ce mai girman gaske, wadda Gwamnatin Tarayya ta soma ginawa a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, kuma manyan titunanta da lamba ake kiransu. Gidaje da yawa benaye ne, a wasu wuraren kuma lambatu a buɗe yake a bakin titi. Mai ƙafa yakan tsallake ya wuce. Mai keken guragu kuwa dole ya tsaya.

A ce akwai wata ma'aikaciya da ke zaune a can, wadda shan-inna ta taɓa ƙafafunta da hannu ɗaya tun tana ƙarama. Tana da ilimi, tana da albashi, ana kuma jiranta a ofis da ƙarfe takwas. Amma kafin ta fita, tana bukatar wadda za ta taimaka mata ta sauko daga gado, ta yi wanka, ta sa tufafi, ta hau kekenta. Ƙanwarta ta yi aure, mahaifiyarta ta manyanta. Saboda haka ta yanke shawarar ɗaukar mataimakiya.

Daga ranar ta zama uwar ɗaki, kuma wannan aiki ne mai zaman kansa. Ita za ta gana da masu neman aikin, ta tambaye su, ta nemi wanda zai tsaya musu. Za ta tambayi inda kowace take zaune, domin haya a Gwarinpa tana da tsada, kuma wadda za ta taso daga Kubwa ko Dutsen Alhaji sai ta yi sammako kafin motoci su cika hanya. Idan mataimakiya ta makara da awa ɗaya, uwar ɗakinta ba ofis kawai ta rasa ba: tana nan kwance, ba ta ko iya zuwa banɗaki. Shi ya sa mai hankali takan tanadi ta biyu, wadda za a kira idan ta farko ba ta da lafiya.

Sai kuma koyarwa. A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin suna zaton likita ko nas ne kaɗai za su iya koya wa mataimakiya aiki. Hausawa na cewa, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Wadda ta yi shekara talatin da jikinta ta fi kowa sanin inda za a kama ta ba tare da an ji mata ciwo ba. Ku saurari yadda za su iya yin magana da safe:

"Hajiya, in ɗauko miki shuɗin leshin nan? Ya fi sauƙin sawa."

"A'a, 'yar nan, atamfar nan ja nake so. Yau muna da taro."

"To, Hajiya. Amma za ta ɗauke mu lokaci."

"Na sani. Shi ya sa na ce mu soma da wuri."

Zaɓen tufafi ƙaramin abu ne a ido. Amma wanda kullum ake zaɓar masa riga, da abinci, da lokacin kwanciya, wai don ana tausayinsa, a hankali sai ya koma baƙo a cikin gidansa. Abin ya fi wuya idan dangi ne ke biyan albashin, domin mataimakiya takan fi jin maganar wanda ke miƙo mata kuɗi. Sai ka ga an zo ana tambayarta, "Ta ci abinci kuwa?" alhali ga mai gidan zaune, da kunnenta da bakinta. Dangin da suka fahimta sukan ba ta kuɗin a hannunta, ita ta biya da kanta.

Kada ku ɗauka haƙƙin na gefe ɗaya ne. Mataimakiya ma mutum ce, kuma ɗaga baligi kullum yana cin baya. Tana da haƙƙin hutu, da ranar zuwa ganin iyayenta, da albashi a kan kari. Tun daga shekarar 2024, mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma ma'auni ne mai kyau ga mai son yin adalci. Abin da ya fi shi ne su rubuta yarjejeniya tun farko: ayyuka, da lokaci, da albashi, da yadda za a rabu. Ita kuma mataimakiya an ba ta amana mai nauyi, don tana ganin abin da ko maƙwabta ba sa gani. Sirrin gidan ba na kai wa bakin famfo ba ne.

Wannan tsari ya yi ƙarfi ne daga Amurka. Wani mutum mai suna Ed Roberts ya kamu da shan-inna a 1953, yana ɗan shekara 14, har ya zama da taimakon wata babbar na'ura yake numfashi idan zai yi barci. A 1962 ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, aka ba shi ɗaki a asibitin jami'ar, ya riƙa ɗaukar mataimakansa da kansa. A 1972 masu naƙasa suka buɗe wata cibiya a garin don koya wa juna zaman dogaro da kai. A ganinsu, dogaro da kai ba ya nufin ka yi komai da hannunka, yana nufin kai ne mai yanke shawara. Daga baya Suwidin, a 1994, da Birtaniya, a 1997, suka soma aiki da dokokin da ke ba mai naƙasa damar karɓar kuɗin hukuma ya ɗauki wanda yake so.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa a 2006, kuma sashe na 19 ya ambaci mataimaki ƙarara. Nijeriya ta tabbatar da ita a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, aka kuma kafa hukumar kula da su a 2020. Duk da haka, mafi yawan masu ɗaukar mataimaki a ƙasar nan daga aljihunsu ko na danginsu suke biya. Ma'aikaciyar Gwarinpa tana iyawa domin tana da albashi. 'Yar'uwarta da ke zaune a Karmajiji, unguwar masu naƙasa da ke kusa da hanyar filin jirgin sama, galibi 'yarta ce ke tura mata keke.

Sababbin Kalmomi

shan-inna: cutar da ke shanye ƙafa ko hannu, musamman ga yara
lambatu: hanyar ruwa a gefen titi
uwar ɗaki: macen da ake yi wa aiki, namiji kuma ubangida
sammako: fita da sassafe
a kan kari: a daidai lokacin da aka yi alkawari
ƙarara: a fili, ba ɓoye-ɓoye

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ɗan jagora da mataimaki?
2. Me ya sa mai ɗaukar mataimakiya ke tambayar inda take zaune?
3. Bayyana karin maganar "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo" da kalmominka.
4. Wace matsala ke tasowa idan dangi ne ke biyan albashi?

Nahawu

Ku dubi waɗannan jimloli biyu: "Ta kai ni kasuwa." "Na sa ta kai ni kasuwa." A ta biyu, kalmar "sa" ta nuna wanda ya ba da umarni. Ku sauya waɗannan ta haka: Ya tura mini keke. Ta ɗauko mini magani. Sun buɗe mini ƙofa.

Aikin Gida

Ku zagaya makarantarku daga bakin ƙofa zuwa ajinku, sannan zuwa banɗaki. Ku rubuta jimloli goma a kan wuraren da mai keken guragu zai buƙaci taimako, da waɗanda zai wuce shi kaɗai.