Kalmar sirri ta ɓace, lissafin gero na ciki

 Ni ne ma'ajin bankin cimaka na ƙungiyarmu a Gangara, jihar Maraɗi. Kwamfutar da muke lissafi a kanta Ubuntu take aiki da shi. Yaron da ya saita ta ya tafi ci-rani, kalmar sirrin kuma ta kwance masa. Sunayen duk waɗanda suka ci bashin gero da damina suna ciki, ga kaka ta zo. Wani mai gyara ya ce sai an goge komai. Hankalina a tashe yake.

Ma'aji, Gangara

Amsa: Kada ka bari a goge ta. Tsohuwar kalmar ba ta dawowa, domin Linux ba ya ajiye ta yadda aka rubuta, sai a dagule cikin fayil ɗin /etc/shadow. Amma ana iya ɗora sabuwa, lissafinku ko ƙwarzane ba zai yi ba.

Ka tabbata batir ya cika. Kunna kwamfutar ka danne Shift. In bai yi ba, ka sake kunnawa ka taɓa Esc. Jerin zaɓin GRUB zai fito. Shiga "Advanced options for Ubuntu", ko "Options avancées" in da Faransanci take, ka zaɓi layin da ke ɗauke da "recovery mode", sannan "root", ka danna Enter. Baƙin allo zai bayyana, kada ya tsorata ka. Rubuta mount -o remount,rw / domin faifan ya karɓi canji. Sai ls /home, ya nuna maka sunan mai asusun. Sai passwd, tazara, da wannan sunan. Zai nemi sabuwar kalma sau biyu. Kana bugawa ba abin da zai fito, ko tauraro ɗaya. Haka aka yi shi. Ka ƙare da reboot.

Ga inda mutanen Nijar ke tuntuɓe: madannanmu AZERTY ne, amma wani lokaci baƙin allon yakan karanta su da tsarin QWERTY na Amurka, ka danna a, ya rubuta q. Don haka kalmar farko kada ta ƙunshi a, q, z, w, m ko lamba. In ka shiga, sai ka canza ta a natse.

Babban abin da ke hana wannan hanya: in an kulle faifan da LUKS, wato tana neman kalma tun kafin Ubuntu ya buɗe. Nan sai yaron ya tuno.

Da ka shiga, kwafi lissafin a filashi, ka rubuta sabuwar kalmar a takarda, shugaban ƙungiya ya ajiye.