Magani Ma Yana da Iyaka

A hutun damina da ya wuce na koma gida Bilbis, cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe, na tarar ƙanena ɗan wata goma sha takwas yana fama da zawo. Inna ta kai shi asibitin garinmu, aka ba ta garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da waɗansu ƙwayoyi da ake kira zink. Aka ce ta narka ɗaya a cokali kullum har kwana goma. Cikin ikon Allah, kafin kwana huɗu yaro ya samu sauƙi.

Da Inna ta ga haka sai ta ce lalle wannan maganin ƙarfi ne. Kwana goma suka cika ba ta daina ba, ta aika aka sayo ƙari, har ta koma ba shi biyu a rana. Ba a jima ba yaro ya fara amai, ya ƙi abinci. Na ce, "Inna, mu koma wajen malamin asibiti mu tambaya." Da muka je ya ce a tsayar da maganin nan take. Bayan kwana biyu aman ya tsaya.

Da na dawo makaranta sai na tambayi malaminmu na kimiyya, na kuma duba littattafai. Ga abin da na koya.

Zink sinadari ne da jiki ke bukata don girma da warkar da rauni da yaƙi da cuta. Ana samunsa a nonon uwa, nama, hanta, kifi, wake da gyaɗa. Amma kaɗan ƙwarai ake bukata. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 miligiram 3 ya ishe shi a rana. A 2001 masana a Amurka suka tsara iyakar da bai kamata a riƙa wucewa kullum ba: miligiram 4 ga jariri zuwa wata 6, miligiram 5 daga wata 7 zuwa 12, miligiram 7 daga shekara 1 zuwa 3. Ƙwayar da aka ba ƙanena kuwa miligiram 20 ce, biyu sun zama 40 ke nan.

To, mai karatu zai ce, don me asibiti ke ba da abin da ya zarce iyaka? Dalili shi ne zawo na zubar da zink daga jiki, kuma maganin na 'yan kwanaki ne. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar miligiram 20 a rana, ko 10 ga wanda bai kai wata 6 ba, na kwana 10 zuwa 14. A 2020 aka fitar da sakamakon wani gwaji kan yara 4,500 a Indiya da Tanzaniya, aka ga miligiram 5 ko 10 ma suna aiki, kuma amai ya ragu. A 2024 Hukumar ta sauko da shawararta zuwa miligiram 5.

In zink ya yi yawa yakan kawo amai da ciwon ciki. In aka daɗe ana sha, yakan hana hanji tsotsar sinadarin jan ƙarfe, daga nan sai ƙarancin jini.

Saboda haka, ya ku iyayenmu, ku ba da magani yadda malamin asibiti ya faɗa, in kwanaki sun cika ku tsaya. Mu kuma 'yan makaranta, in mun je hutu mu riƙa karanta wa iyayenmu abin da aka rubuta a jikin kwalin. Inna ba ta yi don mugunta ba, so ne ya sa ta. Yanzu kam ni take kira kafin ta ba yaro kowace ƙwaya. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.