Yadda Ake Amfani da Hasken Leza Wajen Gano Tsagar da Ido Ba Ya Gani

Duk matar da ta je sayen tukunyar ƙasa a kasuwar Gummi ko ta Anka, sai ta ƙwanƙwasa ta kafin ta biya. In ta ji ƙara garau, tukunya lafiya take. In ta ji shaƙaƙƙiya, akwai tsaga a ciki. Wannan dabarar ce masu ƙera jiragen sama ke amfani da ita, sai dai su da hasken leza suke ƙwanƙwasawa.

Dalili kuwa, jiragen zamani ba zallan ƙarfe ba ne. Kusan rabin nauyin Boeing 787 haɗi ne na zaren kabon da gam, an jera su falle kan falle an gasa. Ga ƙarfi ga rashin nauyi, amma yana da mugun hali guda: idan wani abu ya buge shi, fallayen ciki na iya rabuwa alhali waje sumul. A jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan mutane, wannan ba abin wasa ba ne.

Ga yadda gwajin yake. Na'ura na harba leza ta ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Wurin da hasken ya sauka sai ya yi zafi ya kumbura farat ɗaya, kumburin ya haifar da sautin da ya wuce jin kunnen ɗan'adam. Sautin ya ratsa ciki, in ya tarar da gurbin iska tsakanin fallaye sai ya dawo da wuri. Leza ta biyu ce ke auna ɗan motsin da saman wurin ya yi, kwamfuta ta lissafa lokacin dawowar ta fitar da zurfin matsalar. Irin wannan sautin ne dai Samsung Galaxy S10 ke karanta zanen yatsa da shi tun 2019.

A sikanin na asibiti dole a shafa mai a manna na'ura a jiki. Nan ba a taɓa komai, shi ya sa ya dace da wurare masu lanƙwasa. Kamfanin Lockheed Martin na Amurka ya yi amfani da shi a sassan jirgin yaƙi na F-35.

Illarsa tsada, sannan idan aka cika ƙarfin hasken, yana ƙona abin da aka zo gwadawa.