Idan Mai Nuna Jakunkunan Fayiloli Ya Ƙi Tashi a Vim

A zangon karatun da ya wuce, ana saura kwana biyu in miƙa sakamakon awon tsawon gero da ɗalibaina suka yi, sai na buɗe Vim, wato manhajar da nake gyara rubutu da ita, na buga umurnin :Explore domin in ga jerin fayilolina. Maimakon jerin, sai ga saƙo mai lamba E492, ma'ana manhajar ba ta san wannan umurni ba.

Vim dai Bram Moolenaar, mutumin ƙasar Holan, ne ya fito da ita a 1991. Amma nuna abin da ke cikin jakar fayiloli ba aikinta ba ne na asali. Wani ɗan ƙari ne mai suna netrw, wanda Charles Campbell ya rubuta, yake yin sa. In bai tashi ba, umurnin ya ɓace.

Kuskuren da na fara yi shi ne canza abubuwa uku a lokaci guda, abin da nake hana ɗalibai yi a ɗakin gwaji. Wanda ya ƙara taki da ruwa da haske tare, yaya zai san wanne ne ya sa shuka ta yi tsawo?

Don haka a bi a hankali. Da farko a buga :version, a nemi kalmar eval. In alamar ragewa ce a gabanta, to ƙaramar Vim ce, irin vim.tiny da ke zuwa da Debian, kuma ba ta iya ɗaukar netrw sam. Sai a sanya cikakkiya.

In alamar tarawa ce, sai a rufe, a sake buɗewa da vim -u NORC -N. Wannan shi ne tukunyar da ba a zuba wa taki ba, domin yana tsallake duk tsare-tsaren da mutum ya rubuta a fayil ɗinsa na .vimrc. Idan :Explore ya yi aiki yanzu, laifin yana cikin wannan fayil ke nan. A lura, kada a yi gwajin da vim -u NONE, don shi yana hana duk ƙare-ƙare tashi, har da wanda ake nema.

Abu biyu ake yawan samu a .vimrc: ko set compatible, wanda ke sa Vim ta kwaikwayi tsohuwar vi, netrw kuwa ba ya tashi a wannan yanayi; ko layin let g:loaded_netrwPlugin = 1, wanda ke ruɗar Vim ta ɗauka an riga an ɗora shi. In ido bai gano ba, a kashe rabin layukan ta hanyar sa alamar " a farkon kowanne, a gwada, a sake raba rabin da ke da laifin. Fayil mai layi 200 ba zai wuce gwaji 8 ba.

Nawa na biyun ne. Na kwafo tsarin wani abokin aiki ban karanta ba, ashe shi da gangan ya kashe netrw saboda NERDTree yake amfani da shi. Da na share layin na buga :scriptnames, sai ga netrwPlugin.vim a cikin jerin.